Saurayi Mai Wasa da Mutuwa da Tsohuwar da Ta San Ta: Lacca a Kan Fim Ɗin Harold and Maude





Fim ɗin da zan yi magana a kansa yau sunansa Harold and Maude. Kamfanin Paramount na Amurka ne ya fitar da shi a watan Disamba na 1971, Hal Ashby ya ba da umarni, Colin Higgins ya rubuta labarin. In aka gutsura wa mutum labarin a jimla ɗaya zai yamutsa fuska: saurayi ɗan kimanin shekara 20, wanda ba shi da abin sha'awa sai mutuwa, ya kamu da son tsohuwa mai shekara 79. Kuma wai fim ɗin ban dariya ne. Ina roƙon ku riƙe ƙyamar da kuka ji a hannu tukuna, kada ku yar da ita, domin za mu dawo kanta. Akwai wurin da take da gaskiya, akwai kuma wurin da take rufe mana ido daga abin da ya kamata mu gani.

Bari mu fara da saurayin. Harold Chasen ɗan masu kuɗi ne, yana zaune da mahaifiyarsa a wani katafaren gida a yankin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya. Ba uba a gidan, ba wa ba ƙane, ba aboki. Bud Cort ne ya fito a matsayinsa, da farar fuska fayau da manyan idanu, ga ƙarancin magana. Fim ɗin yana buɗewa da ƙafafunsa yana saukowa daga bene a nitse, ya sa faifan waƙa, ya kunna kyandir, sannan ya rataye kansa. Mai kallo bai gama dawowa hayyacinsa ba sai ga uwar ta shigo ɗakin. Ta ɗaga kai ta gan shi yana lilo, ta ɗauki waya ta ci gaba da shirya harkokinta na yini, kafin ta fita ta tuna masa lokacin cin abincin dare. A nan ne muke gane cewa wasa ne, kuma ba yau ya fara ba.

Haka abin yake ta maimaituwa. Wata rana ya kwanta rub da ciki a saman ruwan tafkin wanka na gidan kamar gawa, uwar ta shigo ta yi iyonta ta wuce ta gefensa ba ta ko waiwaya ba, kiɗan Tchaikovsky yana tashi. Wata rana ta zauna cike masa takardar neman mata ta wani kamfani mai haɗa aure da kwamfuta, tana karanta tambayoyin da aka yi domin shi, tana amsawa da ra'ayinta, shi kuwa yana zaune gabanta yana ɗura harsashi a bindiga. Vivian Pickles, wadda ta fito a uwar, ta yi aikin da ya cancanci yabo, domin ba ta mai da matar muguwa ba. Tana son ɗanta iyakar fahimtarta. Ta saya masa mota Jaguar sabuwa fil, ta biya likitan ƙwaƙwalwa, ta nemo masa 'yan mata uku ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba: ta zauna ta dube shi ta tambaye shi me ke damunsa, ta kuma jira amsa.

Mutane suna dariya a waɗannan wurare, ni ma ina yi. Amma ku lura da inda dariyar take fitowa. Ba rataya ke ba mu dariya ba. Abin da ke ba mu dariya shi ne tazarar da ke tsakanin girman abin da yaron ya aikata da ƙanƙantar martanin da ya samu. Kuma wannan tazarar ita ce ciwon da fim ɗin ya zo nunawa. Can a tsakiyar labarin Harold ya faɗi asalin abin, yana kuka. Lokacin da yake makarantar kwana ya haddasa fashewa a ɗakin gwajin kimiyya, ya sulale ya koma gida ba wanda ya sani. Yana laɓe sai ya ga 'yan sanda biyu sun zo sun shaida wa mahaifiyarsa cewa ɗanta ya mutu. Ta dafe goshi ta zube a hannunsu. Ran nan ne kaɗai ya ga labarinsa ya girgiza ta, sai ya yanke a ransa cewa zama matacce ya fi masa daɗi. Duk wasannin da suka biyo baya ƙoƙari ne na sake ganin wannan rana.

Iyaye da malaman da ke nan, wannan ba matsalar attajiran Kalifoniya kaɗai ba ce. Yaron da aka ciyar, aka tufatar, aka biya wa kuɗin makaranta, amma ba a taɓa sauraronsa ba, zai nemi hanyar da za a ji shi, kuma sau da yawa hanyar ba mai kyau ba ce.

Abin shaƙatawar Harold shi ne halartar jana'izar mutanen da bai sani ba, a cikin tsohuwar motar ɗaukar gawa da ya saya wa kansa. A can ya haɗu da Maude, wadda ita ma take zuwa irin waɗannan jana'izu, amma da wata manufa dabam. Shi yana zuwa ne don ya kusanci mutuwa, ita kuwa tana kallon abin a matsayin juyin rayuwa, wani ya tafi wani ya zo. Ruth Gordon ce ta fito a Maude. An haife ta a 1896, ta shafe fiye da rabin ƙarni tana wasan dandamali da rubuta finafinai, ba ta kuma daɗe da karɓar kyautar Oscar ba saboda rawar da ta taka a Rosemary's Baby na 1968. Maude tana zaune a cikin wani tsohon taragon jirgin ƙasa da ta mayar gida, cike da tarkacen da ta tara a tsawon rayuwa. Tana zane, tana waƙa, tana da wata na'ura da ta ƙera mai fitar da ƙamshin wurare da lokuta. Ta ba Harold banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ta ce kowa ya kamata ya iya kaɗa wani abu. Ta ga wata 'yar bishiya tana shaƙewa da hayaƙin motoci a bakin titi, ta sa shi ya taya ta tumɓuke ta suka kai daji suka dasa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai halayenta da ba na yaba wa. Tana ɗaukar motar duk wanda ta ga dama ta tafi da ita, tana tuƙin ganganci, tana wasa da hankalin ɗan sanda har ta gudu da babur ɗinsa. Hujjarta ita ce tana tunatar da mutane kada su liƙe wa abin duniya. Wannan hujja tana da daɗin ji a bakin wanda ba motarsa aka ɗauka ba. A nan fim ɗin ɗan zamaninsa ne, zamanin da matasan Amurka da yawa suke ganin duk wata doka a matsayin sarƙa. Na ambaci wannan in wuce, domin ba a nan darajar Maude take ba.

Darajarta tana cikin yadda take kallo. Akwai wurin da suke zaune a cikin fili mai cike da ƙananan fararen furanni. Ta tambaye shi wane fure zai so ya zama. Ya nuna waɗannan, ya ce saboda duk iri ɗaya ne. Ta tsinko ɗaya ta nuna masa cewa ba haka ba ne: wani ya fi girma, wani ya karkata hagu, wani dama, wani ya rasa ganye. Ta ce a ganinta yawancin baƙin cikin duniya yana zuwa ne daga mutanen da kowannensu daban yake amma suka yarda a ɗauke su tamkar tari guda. Daga nan sai hoto ya sauya, muka gan su a tsakiyar maƙabartar sojoji, kyamara tana ja da baya, fararen duwatsun kaburbura dubbai a jere, duk tsayi ɗaya, duk fasali ɗaya.

Ba wanda ya ambaci Biyetnam a wurin, amma duk Ba'amurken da ya kalli wannan a 1971 ya san abin da ake nufi. Yaƙin yana ci a lokacin, ana ɗibar samari aikin soja na dole ta hanyar ƙuri'a tun Disamba 1969, kuma a watan Mayu na 1970 dakarun gwamnati sun harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State lokacin zanga-zangar adawa da yaƙin. Kafin a gama, Amurkawa fiye da 58,000 sun mutu a can, ban da 'yan Biyetnam da adadinsu ya ninka haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa kawun Harold, Janar Victor, yake da muhimmanci a labarin. Soja ne mai hannu ɗaya, wanda ya haɗa wata igiya da yake ja don hannun rigarsa da ba kowa a ciki ya ƙame ya sara. Da uwar ta gaji da Harold sai ta yanke shawarar a sa shi soja, kawun kuma ya zauna yana kwaɗaita masa daɗin yaƙi. Ku duba wannan da kyau. Yaron da ke kwaikwayon mutuwa shi ake kai wa likita, dattijon da ke tura 'ya'yan mutane ga mutuwar gaske kuwa shi ne mai hankalin da ake neman shawararsa.

Yanzu na zo wurin da nake ganin shi ne zuciyar fim ɗin, kuma bai wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Suna zaune da yamma a bakin ruwa. Harold ya riƙe hannunta, hannun rigarta ya ɗan zame, sai ya ga lamba da aka zana da allura a fatar damtsenta. Ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa ta ci gaba da magana a kan tsuntsayen teku da ke shawagi. Ba wanda ya ce uffan game da lambar, a nan ko a wani wuri har fim ya ƙare.

Ga wanda bai san tarihin ba, irin wannan lamba ita ce 'yan Nazi suke zana wa fursunoni a sansanin Auschwitz da ke ƙasar Folan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sansanin da aka hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya a cikinsa, mafi yawansu Yahudawa. Da zarar ka ga lambar, duk abin da Maude ta faɗa a baya sai ya sake nauyi. Ta taɓa ba da labarin ƙuruciyarta a birnin Biyana na Ostiriya, ta ambaci mijinta Frederick, muryarta ta karye ta kau da kai. Ta nuna wata tsohuwar lema da ta ce da ita take kare kanta a wuraren zanga-zanga.  Ashe matar da muke ɗauka tsohuwa ce mai rawar kai wadda ba ta san wahala ba, ta fito ne daga wurin da aka mayar da mutane lamba. Maganarta a kan furanni ba ado ba ne, da jikinta ta san abin da take faɗa.

Wani darakta da ya tsaya a nan ya sa ta ba da labari na minti goma, da hawaye da kiɗan tausayi. Ashby bai yi haka ba, kuma ina ganin sana'arsa ta farko ce ta hana shi. Kafin ya zama darakta edita ne, mai yanka hoto da haɗa shi, har ya ci Oscar a wannan fanni da fim ɗin In the Heat of the Night na 1967. Edita ya san tsawon da hoto yake buƙata ya yi aikinsa. Ɗalibanmu masu sha'awar shirya fim, in ba ku ɗauki komai daga laccar nan ba ku je ku kalli wannan wuri sau da yawa. Kuma ku lura da abin da ya faru ga Harold a cikinsa. Yaron da ya shafe rayuwarsa yana neman a gan shi, yau shi ne ya ga wani. Ya ga ciwon da ya fi nasa, bai kuma mai da shi abin magana ba. Daga nan ya fara girma.

To, sai batun soyayyar, wadda na ce ku riƙe ƙyamarta. Mu a nan mun san wasan kaka da jika, inda tsohuwa take kiran jikanta mijinta, shi kuma ya ce ya sake ta ya auro yarinya, kowa ya yi dariya. A ƙarƙashin wannan wasa akwai gaskiya babba: yaro yakan faɗa wa kakarsa abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba, domin tsakaninsu babu kunya da tsoron da ke tsakanin ɗa da mahaifi. Harold bai da kaka, bai da gwaggo, bai da maƙwabciya tsohuwa. Al'ummarsa ta ware tsofaffi gefe, ta ware matasa gefe. Da ya sami dattijuwar da ta saurare shi, ba shi da wani suna da zai ba abin da ya ji sai so irin na aure. Fim ɗin bai tsaya a wasa ba, ya nuna sun kwana tare ba aure, ko da yake shugabannin Paramount sun hana a nuna abin a fili. Wannan ya saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu, ba kuma sai na tsawaita ba. Amma da Harold ya sanar cewa aurenta zai yi, ku dubi waɗanda aka tura su hana shi. Kawunsa yana zaune ƙarƙashin hoton Shugaba Nixon, likitan ƙarƙashin hoton Freud, masanin halayyar ɗan Adam, limamin coci ƙarƙashin hoton Fafaroma. Kowannensu yana kallon kyamara yana karanto abin da kujerarsa ta koya masa. Limamin ma ba zunubi ya dame shi ba, tsufan jikin matar yake ta siffantawa cikin ƙyanƙyami. Cikin su ukun babu wanda ya tambayi yaron abin da ya samu wurin wannan mata da bai samu a gida ba. Da sun tambaya, da wataƙila sun gane cewa ba shekarunta ne labarin ba.

Game da yadda aka karɓi fim ɗin, a taƙaice: ya faɗi warwas. An fitar da shi a lokacin Kirsimeti ba tare da wani tallan kirki ba, manyan masu sharhi irin su Vincent Canby da Roger Ebert suka kushe shi. Ɗaliban jami'a ne da ƙananan gidajen sinima suka raya shi. Wani gidan sinima mai suna Westgate a wajen birnin Minneapolis ya yi ta nuna shi fiye da shekara biyu a jere. A Faransa aka mayar da shi wasan dandamali a 1973, Madeleine Renaud ta fito a Maude. A 1997 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ƙasar take adanawa saboda muhimmancinsu. Labarin kuwa asalinsa aikin kammala digiri na biyu ne da Higgins ya rubuta yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Waƙoƙin fim ɗin na Cat Stevens ne, mawaƙin Ingila wanda ya musulunta a 1977, wanda yawancinmu muka fi sani da Yusuf Islam. Ya yi jinyar tarin fuka mai tsanani kafin ya rubuta da yawa daga cikinsu, kuma ana jin wannan a muryarsa. Harold ba ya magana sosai, waƙoƙin ne suke faɗin abin da ke ransa.

Na bar ƙarshen labarin zuwa yanzu domin a nan nake rabuwa da fim ɗin. Ranar da Maude ta cika shekara 80, Harold ya ƙawata mata taragon da furanni, ya tanadi zobe. Suna rawa sai ta gaya masa cikin murmushi cewa ta riga ta sha ƙwayoyi, kafin tsakar dare za ta tafi. Tun farkon haɗuwarsu ta sha faɗin cewa 80 ta ishe ta, ba wanda ya ɗauki maganar da gaske. Harold ya kurma ihu, ya garzaya da ita asibiti, ba a iya ceto ta ba. Da gari ya waye muka ga motarsa, Jaguar ɗin da ya mayar motar gawa, ta faɗo daga kan dutse ta tarwatse a bakin teku, shi kuwa yana tsaye a sama da banjonsa, ya juya ya tafi yana kaɗawa.

Masu kare wannan ƙarshe suna cewa matar da 'yan Nazi suka so su zaɓa mata ranar mutuwa ta karɓe zaɓin a hannunta. Na fahimci hujjar, ban kuma yarda da ita ba. A matsayina na Musulmi, rai amana ce, ba mallakar mai ɗauke da shi ba ne, kuma kashe kai haramun ne. Amma ko da an ajiye addini an auna fim ɗin da ma'auninsa, abin bai tsaya ba. Maude lafiyarta ƙalau, tana gudu, tana rawa, tana dasa bishiya. Matar da ta koya mana cewa mutum ba lamba ba ne, ita ce ta bar lamba, wato 80, ta yanke mata hukunci. Ta kuma san sarai wane irin yaro ne a gabanta da irin raunin da yake ɗauke da shi, ta bar masa wannan a ranar da ya zo da zobe. Labarin yana buƙatar ta kauce don Harold ya tsaya da ƙafarsa, marubucin kuma ya zaɓi hanya mafi sauƙi gare shi. Mace mai shekara 80 tana da hanyoyin barin duniya da yawa waɗanda ba sai ta sa hannunta ba.

Abin da zan ce don adalci ga Ashby shi ne bai ƙawata abin ba. Mahaifinsa ya kashe kansa lokacin da shi Ashby yake ɗan shekara 12, ya san abin da ake bari a baya. Ihun Harold ba na wasa ba ne, kuma a asibiti an ɗauke maganganu an bar mu da fuskarsa yana kai da komo a baranda. Duk mutuwar ƙarya da ta gabata an yi ta ne da tsari da ado. Ta gaske da ta zo, ba tsari, sai ruɗewa da takardun asibiti da jira.

Saboda haka ina ba malamai shawara, in za ku nuna wa ɗalibai wannan fim, ku nuna wa manya, ku zauna ku kalla tare da su, ku tattauna ƙarshen a fili. Kada a ba matashin da aka san yana cikin ƙunci ya je ya kalla shi kaɗai. Duk kuma yaron da kuka ji yana yawan ambaton kashe kansa, ko cikin raha ne, ku ɗauki maganar da gaske, ku zauna da shi, ku kai shi ga likita.

Shugaban wannan zama, na ga hannaye sun fara tashi tun ina kan batun auren, musamman daga ɓangaren iyayenmu mata. Zan dakata a nan a ba su dama.